Ɗalibi a Sansanin Yara

A ƙasar Amurka makarantu sukan yi dogon hutu daga Yuni har Agusta. A lokacin nan akan kai yara sansani a bakin tafki ko cikin kurmi, ɗaliban kwaleji kuwa su ne masu lura da su, waɗansunsu ma daga ƙasashen nesa. Akwai irin wannan sansani a tafkin Schroon, cikin jihar New York, wanda mai wa'azi Jack Wyrtzen ya buɗe a 1947.

Saurayi yakan bar gida da marmarin ganin dogayen benaye. Amma me yakan tarar? Ɗakin katako, da yara takwas ko goma. Wannan ya jiƙa shimfiɗa da dare, wancan yana kukan uwarsa. Shi zai wanke, shi zai rarrasa, kuɗin aikin kuwa kaɗan ne. Yawon ganin gari sai bayan an sallami yara.

Ku duba Markus 9:33-37. Almajirai suna gardamar wane ne babba, Ubangiji kuwa ya ɗauki yaro ya rungume shi. In ɗanku ya komo daga irin wannan aiki, kafin ku buɗe akwatin tsaraba, ku tambaye shi sunayen yaran da aka danƙa masa, mu sa su cikin addu'a ran Lahadi.