Wadda Za Ta Koya wa Ɗanki Turanci, Me Aka Koya Mata?

Yau ina so mu zauna a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ta shafe ki, ko kina da 'ya a jami'a, ko ɗa a firamare, ko ke da kanki kin koma karatu bayan aure. Maganar ɗaliban jami'a ce da ake horarwa domin su zama malaman Turanci.

Autarmu tana karanta Turanci haɗe da fannin koyarwa. Da ta kai aji uku aka tura ta gwajin koyarwa, wanda su suke kira TP, a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata. Ranar farko malamin da ke riƙe da ajin ya gaya mata dokar wurin: duk yarinyar da aka ji ta yi "banakula", wato Hausa, a rubuta sunanta, ko ta biya tara ko ta yi shara. Ita kuwa baƙuwa ce, sai ta bi. Sati biyu ajinta tsit, har tana yabon kanta wai ta iya riƙe yara. Wata rana wata yarinya ta yi ƙarfin hali ta ɗaga hannu, za ta ce "pan" sai bakinta ya ce "fan". Aji ya fashe da dariya, malama ma ta dara. Daga ranar har aka gama TP yarinyar nan ba ta sake ɗaga hannu ba. Da autar ta dawo gida take ce mini, "Yaya, ni fa ban sani ba, koyarwa na je yi ko rufe bakin 'ya'yan mutane."

To kin ji tambayar da nake so mu duba. Wanda aka damƙa wa yaro domin ya koya masa harshen da ba nasa ba, yana da haƙƙin sa shi ya ji kunyar harshen da ya sha a nono?

Bari mu fara kawar da abin da ba shi ne matsalar ba. Koyon harshen wasu ba aibu ba ne. Kin san Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit (RA) da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana kuma rubuta amsa. Sannan a Nijeriya ɗanki ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit a Turanci, kuma a jarrabawar JAMB Turanci dole ne ga kowa, ko likita yake son zama ko malamin Larabci. A Nijar ma, a shekarar 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Turanci da Faransanci su zama harsunan aiki. Ashe ke nan buƙatar malaman Turanci ba abin musu ba ce. Abin dubawa shi ne irin malaman da ake fitar mana.

Wannan doka ta hana harshen gida ba malaman garinmu ne suka ƙirƙiro ta ba, gadonta suka yi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka samu masu ra'ayin cewa baƙon harshe ba ya koyuwa sai an rufe wa harshen uwa ƙofa gaba ɗaya, kuma makarantun Berlitz da suka fara a Amurka a 1878 da wannan hanya suka yi suna. A 1961 aka yi wani babban taro a Makerere ta ƙasar Yuganda a kan koyar da Turanci a ƙasashen renon Ingila. Wani masani Bature mai suna Robert Phillipson, a littafinsa na 1992, ya nuna cewa tunanin da ya mamaye taron shi ne: Turanci da Turanci kaɗai ake koyar da shi, malamin da ya fi shi ne wanda Turanci harshen uwarsa ne, kuma amfani da wasu harsuna yana ɓata shi. Ya ce duk waɗannan kurakurai ne. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o, wanda ya rasu a 2025, ya ba da labarin yadda a makarantarsu ake dukan yaron da aka kama yana magana da harshen Kikuyu, ko a rataya masa allon wulaƙanci a wuya. Kin ga tararmu ta banakula jikar wannan ce.

Amma an taɓa gwada wata hanyar a nan cikin ƙasarmu. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi guda a hannun malaman da aka horar musamman dominsa. Da aka auna, yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a sauran darussa kuma sun fi fahimta. Lura da kyau 'yar'uwa, abu biyu aka haɗa: an mutunta harshen yaro, an kuma ba shi malamin da ya san aikinsa.

Na san za ki ce, "To ai ni gidana Hausa muke yi daga safe har dare. Idan malama ma ta shigo tana Hausa, yaushe yaron zai ji Turancin?" Wallahi kina da gaskiya, kuma ba zan wuce wannan da sauri ba. Harshe da ji da faɗa ake koyonsa. Darasin minti 35 ko 40 ne, in malama ta cinye shi da Hausa ta cuci yaron. Akwai kuma malamar da ba don tausayi take komawa Hausa ba, sai don ita kanta Turancin bai zauna mata ba. Ta cika allo da rubutu, yara su kwafa, ta zauna. Shekara shida yaro yana sakandare bai iya rubuta wasiƙar neman aiki ba. Wannan ma cin amana ne, kuma ya fi na farko ɓoyuwa domin babu mai kuka sai ranar da sakamako ya fito.

Ashe cin amanar iri biyu ne. Ɗaya ta ba yaro Turanci ta ƙwace masa mutuncin harshensa. Ɗaya ta lallashe shi da harshensa ta hana shi abin da aka turo shi nema. Horon jami'a na gaskiya shi ne wanda zai fitar da malamar da ta tsira daga duka biyun.

Yaya za a yi haka? Koma kan yarinyar nan mai "pan" da "fan". Ba daƙiƙiya ba ce. A Hausa babu kalmomi biyu da bambancinsu kawai shi ne "p" da "f", saboda haka kunnenta bai saba raba su ba. Haka kuma Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani, muka samu burodi da direba da sitaci. Ɗalibar da aka koya wa kwatanta harsunan biyu ta san wannan tun kafin ta shiga aji. Ba za ta yi dariya ba. Za ta ce yara su riƙe 'yar takarda a gaban baki, su ga yadda take motsi in leɓɓa suka haɗu suka fashe da iska, sannan su sa haƙoran sama a kan leɓen ƙasa su ji ɗaya sautin. Kin ga Hausar da ake kora daga aji ita ce ta nuna wa malama inda ciwon yake. Baturen da bai san Hausa ba sai ya yi ta lalube kafin ya gane. Malama ta gari za ta cika ajinta da Turanci, ta sa yara su yi ta magana ko da kuskure, amma in abu ya cije ta warware shi da jimla ɗaya ta Hausa ta wuce, ba tare da ta nuna kamar ta taɓa ƙazanta ba.

Sai dai ilimi kaɗai bai isa ba, akwai niyya. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga 'ya'yanmu da ke sashen koyarwa ba shi suka nema ba, lauya ko aikin jarida suka so, aka jefa su can. Wadda ta shiga aji tana ganin kanta a matsayin wadda ta faɗi, a kan yara za ta huce. Turancin nata sai ya zama abin taƙama, ta riƙa karya harshe don a san ta yi jami'a. Sannan ki tuna, a kan 'ya'yan wa ake gwajin nan? Galibi makarantun gwamnati ake tura su, wurin 'ya'yan talakawa waɗanda iyayensu ba su da bakin zuwa su tambaya. Wanzami ma a kan wani ya koyi aski, ba a ce kada a koya ba, amma kan da ake koyo a kansa yana da mai shi. Malamin jami'a da zai zo duba ɗaliba sau ɗaya, ya ba da maki a kan tsaftar littafin tsara darasi ya tafi, bai tambayi yara nawa suka buɗe baki a ajin ba, shi ma yana da kaso a cikin alhakin.

To ina namu a ciki? Idan 'yarki ce ke wannan karatu, kada tambayarki ta tsaya a kan maki. Tambaye ta sunayen yaran da ba sa magana a ajinta, da abin da ta yi a kansu. Ki daina ce mata "malanta ce kawai ta samu". Idan kuma ɗanki ne ke hannun irin waɗannan malamai, ki je taron iyaye da malamai ki yi magana a kan tarar banakula cikin ladabi, ki kuma tambayi ko yara suna samun damar yin Turancin da bakinsu. A gida kuma mu gyara namu. Mu ne fa muke tafa wa yaro in ya ce "mami", mu yi masa dariya in ya ce "inna". Yaron da ya ga mahaifiyarsa tana jin kunyar harshenta, babu malamar da za ta cire masa wannan.

Autarmu ta koma TP na biyu a wata makarantar. Ta ce mini ranar farko ta gaya wa yara cewa a ajinta kuskure ba laifi ba ne, dariyar mai kuskure ce laifi. Ajin ya yi surutu har malamin ajin da ke kusa ya leƙo. Amma Turanci suke yi, gurgu-gurgu, suna faɗuwa suna tashi. Har yanzu tana tuna waccan yarinyar ta farko, kuma ba ta da hanyar da za ta neme ta ta ba ta haƙuri.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya haɗa su da malamai masu tsoronSa, Ya kuma sa mu fita haƙƙin amanar da ke wuyanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.