Karanta Littafin da Aka Hana: Zunubi Ne ko Shaida?

Tun muna ƙanana aka koya mana biyayya ga iyaye, ga malamai, da ga hukuma. Manzo Bulus ma, a sura ta 13 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya gargaɗe mu mu bi mahukunta. To, idan hukuma ta haramta wani littafi, Kirista kuwa ya ɓoye shi ƙarƙashin tabarma yana karantawa da dare, zunubi ya yi ko shaida ya bayar? Tambayar tana da nauyi, gama akwai waɗanda suka amsa ta da ransu.

Bari mu fara da Lituweniya, wata ƙaramar ƙasar Turai da yawancin mutanenta 'yan Katolika ne. Bayan tawayen 1863, gwamnatin Sarkin Rasha, wadda take mulkinsu a lokacin, ta hana buga littafi cikin harshensu da baƙaƙen Latin, irin waɗanda muke rubuta boko da su. Daga 1864 sai da baƙaƙen Rasha kaɗai aka yarda. Jama'a suka gane cewa ana so ne a raba su da harshensu da kuma Ikilisiyarsu, suka ƙi karɓar littattafan da gwamnati ta buga musu.

Bishop Motiejus Valančius bai ɗauki makami ba. Ya aika da rubuce-rubuce da kuɗi zuwa ƙetaren iyaka, inda Jamusawa suke mulki, aka riƙa buga littattafan addu'a, da na koyarwar addini, da na koyon karatu. Talakawa manoma ne suka riƙa goyo su a buhu cikin dare, suna ratsa kurmi da kogi. Wanda aka kama yakan sha tara ko kurkuku, ko a kore shi zuwa Saiberiya, ƙasar tsananin sanyi; an harbe waɗansu a bakin iyaka, an kuma kori firistoci da dama. A ƙauyuka iyaye mata suka riƙa koya wa yara karatu a ɓoye, suna kaɗi littafi yana gefe. Bishop ɗin ya rasu a 1875 bai ga ƙarshen dokar ba, amma a 1904, bayan shekara 40, gwamnati ta gaji ta janye ta. Mutanen ƙasar sun keɓe ranar 16 ga Maris don tunawa da waɗannan masu dakon littattafai.

Jikokinsu sun maimaita aikin a zamanin Tarayyar Sobiyet. Daga 1972 zuwa 1989 suka fitar da wata jarida ta ɓoye har sau 81, ana buga ta da tafireta, tana rubuta sunayen waɗanda aka tsananta wa saboda bangaskiya. Editanta, Fada Sigitas Tamkevičius, an kama shi a 1983 aka ɗaure shi. Daga baya ya zama Babban Bishop na Kaunas, a 2019 kuma ya zama Kadinal. Rana in ta fito, tafin hannu ba ya kare ta.

Waɗannan mutane sun karya doka, babu shakka. Duk da haka muna cewa ba su yi zunubi ba. Ikon da Allah ya ba hukuma na kiyaye adalci ne da zaman lafiya, bai ba ta ikon mallakar lamirin mutum ba. Manyan malaman Ikilisiya, Agustin da Toma na Akwinas, sun koyar cewa dokar da ta bar adalci ta rasa abin da ya sa ta zama doka. Bitrus da sauran manzanni sun faɗa wa majalisa, a Ayyukan Manzanni sura 5, cewa idan umarnin mutum ya ci karo da na Allah, na Allah ne za a bi. A sura ta 36 ta Littafin Irmiya mun ga Sarki Yehoyakim yana yanka littafin annabi da wuƙa yana jefawa a wuta, sai Ubangiji ya sa aka sāke rubuta shi, har da ƙari. A shekara ta 303 kuma Sarkin Roma Diyokiletiyan ya umarta a miƙa Littattafai Masu Tsarki a ƙone su. A Arewacin Afirka akwai Kiristocin da suka gwammace mutuwa da su miƙa, Ikilisiya kuwa tana lissafta su cikin shahidai.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai tunani zai tambaye mu: ku fa? Gaskiya ne, daga 1559, a zamanin Paparoma Bulus na Huɗu, Ikilisiya ta riƙe jerin littattafan da ta hana 'ya'yanta karantawa, bugun ƙarshe na 1948 kuwa yana ɗauke da littattafai wajen 4,000. A 1864, shekarar da Sarkin Rasha ya hana littattafan Lituweniya, a cikinta aka sa Les Misérables na Victor Hugo cikin jerin, labarin da ya fara da wani bishop wanda ya yafe wa ɓarawo. An hana littafin Galileo bayan shari'arsa ta 1633 saboda ya goyi bayan cewa duniya ce take kewaya rana. Sai a 1835 aka fitar da jerin babu shi, a 1992 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya amince a fili cewa an yi kuskure. Ko rubuce-rubucen Sista Faustina a kan Jinƙan Allah an hana yaɗa su a 1959, aka janye hanin a 1978, a shekara ta 2000 aka ayyana ta waliyyiya.

Bai kamata mu ɓoye wannan ba, bai kuma kamata mu yi wa kakanninmu dariya ba. Niyyarsu ita ce kāre raunana daga ruɗi, niyya ce ta makiyayi. Sai dai tarihi ya nuna cewa mai tantancewa, kome tsoron Allahnsa, mutum ne, yana iya kuskure, kuma idan ya yi kuskure dukan garken ne yake kwana da yunwa. Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa gaskiya da ƙarfin kanta take shiga zuciya, ba da tilas ba. A 1966, a zamanin Paparoma Bulus na Shida, aka sanar cewa jerin ya daina zama dokar Ikilisiya, aka kuma tunatar da masu bi cewa nauyin guje wa abin da zai lalata bangaskiya da ɗabi'a yana nan a kan lamirinsu. An sauke mana doka, an ɗora mana amana, amana kuwa ta fi doka nauyi.

Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa hani yana tsarkake littafi. Rubutu yana iya kisa. A Ruwanda, jaridar Kangura ta yi shekaru tana shuka ƙiyayya kafin kisan kiyashin 1994. Littafin batsa da aka hana yana nan batsa, takardar da take kiran mutane su ƙone gidan maƙwabci kuma ba ta zama jaruntaka don an bi da ita ta bayan gida. Uban da ya ɗauke wa ɗansa ɗan shekara 10 wani littafi yana aikin tarbiyya ne, ya bambanta da mai mulkin da yake ɗaukar dukan manyan ƙasa kamar yara. Mu lura kuma da mutanen Afisa a Ayyukan Manzanni sura 19: littattafan sihirinsu na kansu suka ƙone, da hannunsu, bayan sun tuba. Ba soja ne ya shiga ɗakunansu ya kwashe ba.

To, yaya za mu rarrabe? Muna ganin tambayoyi uku sun isa. Ta farko: wa hanin yake kārewa, marar ƙarfi ko mai mulki? A 1984, a nan Nijeriya, an ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, wadda ta hukunta ko labarin da zai kunyata jami'in gwamnati. A 1994 aka rufe jaridun Concord, Punch da Guardian. Babu maraya ko gwauruwa da wannan ya kāre. Ta biyu: mene ne a cikin littafin? Akwai bambanci tsakanin rubutun da yake kawo hujja, wanda za a iya amsa masa da hujja, da wanda yake kiran a zub da jini. Ta uku ita ce mafi wuya, gama mu take tuhuma: don me nake karantawa? Don in san gaskiya in auna ta, ko don marmarin abin da aka hana da son a ce ni ma na iya? Manomin Lituweniya bai goya buhu don a yaba masa ba, ya goya ne don ɗansa ya iya addu'a da harshen uwarsa.

Idan amsoshin sun nuna cewa gaskiya ce ake binnewa, karanta littafin halal ne, wani lokaci ma wajibi ne, gama mai hana littafi yana dogara ne ga shirun jama'a. Amma mai irin wannan karatu ya kasance a shirye ya ɗauki sakamakonsa da kansa, ba tare da tashin hankali ba, kada kuma ya jefa wani cikin haɗarin da bai yarda da shi ba. Adalci kuma yana bukatar mu tsaya wa littafin maƙwabci kamar yadda muke tsaya wa namu. In an ƙone rubutun wanda ba addininmu ɗaya ba muka yi shiru, ba mu da bakin kuka ranar da wutar ta iso ɗakinmu.

A ƙarshe, mu dubi gidajenmu. Littafi Mai Tsarki yana nan cikin Hausa tun 1932, babu mai tsare mu a hanya saboda shi, amma a gidaje da yawa ƙura ce take karanta shi. Abin da sarakuna suka kāsa yi da bindiga, ragwanci yana yi mana a sauƙaƙe. Bari kowane gida ya keɓe lokacin karatu, kowace zumunta ta tara ko 'yan littattafai kaɗan don matasa, iyaye kuma su riƙa tambayar yara abin da suka karanta, su tattauna da su maimakon su ƙwace kawai. Ubangiji, wanda shi ne Gaskiya, ya ba mu ƙarfin zuciyar masu dakon littattafai, da hikimar rarrabe hatsi da ƙaiƙayi. Amin.