Malami Baƙo da Alkawarin Gida

Tun 1987 gwamnatin Nijeriya ta ke aika malamai waɗansu ƙasashe aikin shekara 2, ƙasar da ta karɓe su kuwa ita ke ba su masauki. Amma wanda ya tafi da kansa, daga shi sai alkawarin mai makaranta. A Dutsen Abba mun ji kukan irinsu: an ce gida, sai ga ɗaki mai yoyo, ana kuma yanke haya daga albashi.

To, ƙaƙa mai bi za ya yi? Ya yi shiru da sunan haƙuri? Mun ce a'a. Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara 20, Laban ya sāke ladansa sau 10, Yakubu kuwa ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Wanda ya yi shiru ya bar wa malami na bayansa wannan yoyo.

Amma kada ya huce a kan almajiransa, gama ba su ne suka karya alkawari ba. Ya nemi hakkinsa da ladabi, aji kuwa ya ci gaba.

'Yan'uwa, kafin a ɗaure kaya, a rubuta maganar gida, a sa hannu.