Kaifin Ƙwaƙwalwa Ko Hankali: Wanne Ne Ke Yin Mutum?

A shekara ta 1958 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya fitar da fim ɗin Moi, un noir, wanda ya ɗauka a unguwar Tireshbil ta birnin Abijan. 'Yan wasan samari ne daga Nijar da suka zo neman aikin lebura, wasunsu kuwa sun ari sunayen gwanayen silima. Oumarou Ganda, wanda daga baya ya shahara wajen shirya fim a Nijar, ya kira kansa Edward G. Robinson. Da rana neman na abinci, da dare mafarkin zama zakaran dambe.

Har wa yau samarin Tireshbil da na Ajame suna kallon fim, sai dai yawanci a wayar hannu. Wani sabon gwani kuma ya shigo fage, wanda ƙarfinsa a ka yake. Akwai ƙagaggun labaran kimiyya da yawa a kan mutumin da aka ninka masa basira har ya wuce sauran 'yan adam. Tambayar da ya kamata mai kallo ya yi ita ce: in an ninka wa mutum ƙwaƙwalwa sau goma, ya zama mutumin kirki sau goma ke nan?

A fim ɗin Limitless na 2011, wani marubuci mai suna Eddie Morra, wanda ya kasa rubuta ko shafi ɗaya, ya haɗiyi ƙwayar da ake kira NZT-48. Cikin 'yan kwanaki ya gama littafinsa, ya koyi harsuna, ya shiga kasuwar hannun jari ya tara dukiya. Amma a kan ƙwayar nan aka yi ta kashe-kashe, waɗanda suka daina shanta kuwa suka kamu da ciwo ko suka mutu. A ƙarshe an nuna Eddie yana neman kujerar sanata. Ya sami kuɗi, yana kan hanyar samun mulki, amma duk basirar nan a kan buƙatar kansa ta ƙare. A fim ɗin Lucy na 2014 kuma, wani magani ne ya fashe a cikin wata budurwa. Yadda saninta ke ƙaruwa, haka tsoro da jin zafi da tausayi ke barinta, har daga bisani jikinta ma ya ɓace. An gina fim ɗin a kan zancen cewa mutum yana amfani da kashi 10 cikin 100 kaɗai na ƙwaƙwalwarsa. Wannan ba gaskiya ba ne, gama likitoci sun tabbatar kowane sashe nata yana da aikinsa.

Labarin da ya fi zurfi shi ne na Daniel Keyes, Ba'amurke, mai suna Flowers for Algernon, wanda ya fito a gajarce a 1959, ya zama cikakken littafi a 1966. Charlie Gordon mutum ne mai jinkirin fahimta, yana shara a gidan burodi, yana tsammani abokan aikinsa suna ƙaunarsa domin kullum suna dariya tare da shi. Sai masana suka yi masa aiki a ka, irin wanda suka yi wa wani ɓera mai suna Algernon. Basirarsa ta yi ta hawa har ya fi waɗanda suka yi masa aikin. A nan ne ya gane ashe ba'a ake yi masa. Shi ma kuma ya fara raina mutane, ya zama ba shi da aboki. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda babban masanin ke magana kamar shi ne ya halicce shi, sai ka ce kafin aikin Charlie ba mutum ba ne. Daga baya ɓeran ya lalace ya mutu, Charlie da kansa ya gano cewa aikin ba zai ɗore ba, ya koma yadda yake dā. Roƙonsa na ƙarshe shi ne a riƙa sa furanni a kabarin ɓeran.

To, yaushe ne Charlie ya fi daraja? Amsa ita ce darajarsa ba ta hau ba, ba ta kuma sauka ba. Littafin Farawa ya koyar cewa cikin kamannin Allah aka halicci mutum, ba a kuwa ce sai mai saurin lissafi ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan bambanci. In aka ce yaro yana da ƙwaƙwalwa, ana nufin yana cin jarrabawa. In aka ce yana da wayo, sai a ɗan yi hattara da shi, gama Gizo ma mai wayo ne, amma ba uwar da ke so ɗanta ya gaji halinsa. In kuwa aka ce yana da hankali, ana nufin ya san girman manya, yana riƙe amana, yana kame bakinsa. Littafi Mai Tsarki ma haka ya nuna. Maciji ne aka ce ya fi dukan dabbobi wayo. Ahitofel mashawarcin Dawuda, wanda ake ɗaukar shawararsa kamar daga wurin Allah ta fito, ya ci amanar ubangidansa, a ƙarshe ya rataye kansa.

Wani zai ce, ashe ana kushe ilimi ke nan? Ko kaɗan. Basirar Yusufu ce ta ceci Masar daga yunwa, marar lafiyan da aka kai babban asibitin Tireshbil kuwa ba ya fatan samun likita daƙiƙi. Basira baiwa ce, amma kamar wuƙa take: mahauci yana ciyar da gari da ita, ɗan fashi yana kisa da ita. Wasa ta ba ya canja hannun da ke riƙe da ita.

Wannan zance ya shafi gidajen jama'a ta hanya biyu. Ta fari, mafarkin ƙwayar da za ta mai da mutum gagarau bai tsaya a fim ba. A Ajame akwai kasuwar Roxy, wadda ta yi suna wajen sayar da magunguna a bakin titi, har a 2017 jami'an tsaro suka kai samame suka kwashe tan masu yawa. A 2023 kuma ƙasar Kwaddibuwa ta yi fama da abin da samari suka sa wa suna Kadhafi, wato haɗin ƙwayar tramadol da abin sha mai sa maye. Tramadol maganin ciwo ne, ba ya ƙara wa kowa basira. In an wuce ƙa'ida sai ya kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, ya kuma kama mutum ya kasa bari. Saurayin da ya sha domin ya ji ya fi kowa, ɗan hankalin da yake da shi ne zai rasa.

Ta biyu, kusan kowace unguwa tana da nata Charlie. In sakamakon CEPE ko BEPC ya fito, wanda ya ci a yanka masa kaza, wanda ya faɗi a kira shi jaki a gaban ƙannensa. Sau da yawa kuwa wannan da ake zagi shi ne ke ɗebo ruwa, shi ne ke zama wurin kaka sa'ad da ba ta da lafiya. Ya kamata iyaye da malaman makarantar Lahadi su ƙarfafa mai ƙwaƙwalwa ya yi karatu iyakar ƙoƙarinsa, su kuma tambaye shi wa zai amfana da shi. Mai jinkirin fahimta kuwa a koya masa da haƙuri, a ba shi sana'a, a kira shi da sunansa, a kuma tsawata wa duk mai yi masa dariya. Gama a ranar hisabi ba takardar jarrabawa za a nema ba, za a tambayi kowa abin da ya yi wa mayunwaci da baƙo da marar lafiya.