Shin ƙarfe ma yana da rabo a tausasawa?

Gilashin kyamara ba manna shi ake yi ba. Haƙoransa ake sakawa a bakin kyamarar, a ɗan murɗa, sai wani ɗan fil mai sifirin ya faɗa raminsa, ka ji ƙas, ya kulle. In za a cire, madannin da ke gefe ne ke janye fil ɗin. Wata rana kuma sai a danna, a murɗa, gilashi ya ce bai san zancen ba. A nan hannu ke son ƙara ƙarfi, a nan kuma tambayar take: tausasawar da addini ya yi umarni da ita, iyakarta masu rai ne?

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta hau wani raƙumi mai gardama tana fizgarsa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta bi shi a hankali, ya kuma nuna mata tausasawa ado ce ga duk abin da ta shiga. Mai musu zai ce ai raƙumi yana jin zafi, ƙarfe kuwa ko a jikinsa, don haka lallaɓa kyamara tattalin kuɗi ne kawai. Da gaskiyarsa ta fuskar zafi. Sai dai ya ɗauka tausasawa tausayi ce kurum, alhali rabinta saurare ne. Abin da ya ƙi motsi labari yake ba ka. Wataƙila wani noti ne ya kwance ya tokare hanya, ko fil ya lanƙwashe bayan faɗuwa, ko ƙurar hunturu ta cushe shi, ko wata adafta mai araha ce ba ta dace ba. Wataƙila ma laifin hannu ne. Bakin F da Nikon ya fito da shi a 1959 da bakin EF na Canon na 1987 ba gefe ɗaya ake murɗa su ba, wanda ya saba da ɗaya kuwa yakan dage yana ƙara ɗaure ɗayan, yana zagin kamfani. Mai fizga ya yanke hukunci bai saurari shaida ba, kuma wannan hali ba ya tambayar ko mai rai ne a gabansa. Hannun da ya saba da shi a kan ƙarfe, da wuya ya ajiye shi a ƙofar gida.

Akwai musu na biyu, ya ma fi na farko nauyi. Wani lokacin lallami ba ya yi, har mai gyara da kansa sai ya fasa wani abu. Haka ne. Amma dubi yadda yake yi. Yakan danna madannin ya kasa kunne, ya juya kyamarar ko zai ji noti na yawo a ciki, ya gwada murɗawa kaɗan gaba, kaɗan baya. In ya tabbata babu makawa, sai ya zaɓi abin da zai sadaukar, galibi zoben gilashin, wanda a masu araha ma na roba ne, don ya tsirar da 'yan filolin lantarki da farantin ɗaukar haske da ke ciki. Ƙarfi ne, amma an auna shi. Mai fizga shi ma yakan raba gilashi da kyamara, sai dai bai san me ya karye ba sai ya ji ƙarar.