Shuka ko girbi: tunani a kan kalmar «season» da ƴar'uwarta «saison»

Duk malamin da ya taɓa koyar da faransanci a ƙasar nan ya san wahalar darasin nan na lokutan shekara guda huɗu. Littafi ya zana itace yana fure, ya zana ganye yana kaɗewa, ya zana ƙanƙara ta rufe gidaje, alhali yaron Gure abin da ya sani shi ne bazara da damina da kaka da ɗari, sai kuma rani wanda ya haɗiye fiye da rabin shekara. Idan aka nemi suna guda da zai tattara su, kamar yadda «saison» ta yi a faransanci, «season» kuma a ingilishi, sai mu shiga kame-kame: wani ya ce lokaci, wani ya ce yanayi, malamin zaure ya ce fasali. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki, wannan tambaya ta tashi daga hirar malamai ta koma kan teburin masu rubuta littattafan makaranta.

Kalmar ta ingilishi baƙuwa ce a gidanta. Ta haye teku ne daga Faransa bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, aka fara ganinta a rubuce wajejen shekara ta 1300. Faransanci kuwa gadonta ya yi daga latinanci, inda «satio» ke nufin shuka, wato aikin sa iri a cikin ƙasa. Daga sunan aikin ta koma sunan lokacin da ake yin aikin, daga nan ta yi ta faɗi har ta lulluɓe sauran sassan shekara, har da lokacin sanyin da ba a shuka komai a cikinsa. Ke nan duk Bature da ya furta wannan kalma yana ambaton manomi da irinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

A ingilishi ta ƙara yin rassa. Da ita ake faɗin sa wa miya gishiri da yaji, domin a tsohon faransanci ma'anar ita ce a kai abu ga nunarsa, kamar yadda lokaci yake zaƙaƙa ɗan itace. Da ita ake siffanta katakon da aka bari ya bushe har ya daina tanƙwarewa, da mutumin da ya goge a kan sana'arsa. Akwai kuma wani reshe mai ɗaci da bai kamata ɗan Afirka ya manta da shi ba. A tsibiran Jamaika da Barbados, a ƙarni na 18, masu gonakin rake da wannan kalma suke kiran lokacin farko da ake horar da sabon bawa, a karya masa zuciya, a saba masa da aiki da cututtukan wurin. Da yawa ba sa kai ƙarshensa da rai.

To, mu fa? Hausa ba ta jira wani kwamiti ba. Masu labarin wasanni a gidajen rediyo, da suka buƙaci kalma, sai suka ce kakar wasa. Ƴan jarida suka bi su da kakar zaɓe. Masu shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango a Kano, da malaman makaranta wajen raba shekarar karatu, suka ɗauko zango, kalmar madugai da ayarin raƙuma. Zango ba ya ba ni mamaki. Kaka ce ta tsayar da ni, domin inda faransanci ya ɗauki shuka ya sa wa dukan lokuta sunanta, mu girbi muka ɗauka. Ba zan gina hukunci a kan halin al'umma daga kalma guda ba. Ingilishi su ma kalmarsu ta girbi, «harvest», da can sunan lokacin kaka ce kafin wata baƙuwa daga faransanci ta ture ta. Amma bambancin ya isa ya buɗe tambayar da ta fi ƙamus girma: da me ya kamata a auna mutum, da abin da ya shuka ko da abin da ya girba?

Mai karatu zai ce ai Bahaushe ya riga ya yanke: abin da mutum ya shuka shi zai girba. Karin maganar gaskiya ce game da iri, domin wanda ya shuka gero ba zai girbi wake ba. Amma ba ta yi wa kowa alkawarin dami nawa zai ɗaure ba. A ƙasar Muniyo, inda damina ba ta cika wuce wata uku ba, manomi yakan ɗauki sungumi tun ƙasa tana ƙuna ya yi binne, ya zuba irin da ya hana ƴaƴansa ci a cikin busasshen rairayi, yana fatan ruwan farko ya iske shi a ƙasa. Ruwan ya zo kaɗan, iri ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana ashirin, ko iska ta taso da yashi ta binne tsiron. Ya sake shuka. Wani lokaci ya sake ta uku. Maƙwabcinsa da ke bayan tudu guda, wanda bai fi shi tashi da asuba ba, hadari ya ratsa ta kansa sau biyu, ya cika rumbu. Wane ne manomin kirki a cikinsu? Masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, sun yi muhawara a 1976 a kan wannan matsala, yadda muke yabo da zargi bisa abin da sa'a ta kawo, ba abin da ke hannun mutum ba. Tsofaffinmu sun rigaye su da wata hanya: a bakinsu damina ce take yi ko ta ƙi yi, kuma amsar gaisuwar ruwa ita ce ya yi gyara. Nahawun kansa ya ɗauke nauyin daga wuyan manomi.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da tatsuniyar La Fontaine ta gyare da tururuwa, wadda ta fito a 1668, wadda kuma yaranmu suka daɗe suna haddacewa. An gina ta a kan ƙasar da duk wanda ya yi aiki da zafi zai sami abinci da sanyi, saboda haka mai yunwa shi ya jawo wa kansa. A ɗora wannan ma'auni a kan 1984, shekarar da mutanen gabas suka sa wa suna El Buhari saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, ko a kan 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin dango na 2004, lokacin da iyaye mata suka cika wuraren kula da yara masu tamowa a Maraɗi da Damagaram. Waɗannan mutane sun yi noma. Koya wa jikokinsu cewa rumbu marar hatsi shaidar lalaci ne zalunci ne, ko da an yi shi cikin baiti mai daɗi.

Sai dai kada mu yi saurin ba shuka gaskiya duka. Yaro ba ya cin niyya. Idan aka ce ƙoƙari kaɗai za a duba, rago ya sami mafaka, shugaban da ya kasa ya sami abin faɗa, kowa ya ɗora wa sama laifi. Wanda ya ga gonarsa tana mutuwa shekara bayan shekara, bai kai taki ba, bai bar tsiron gawo ya girma ba, bai nemi iri mai saurin nuna ba, wannan ba sa'a ce ta ƙi shi ba. Girbi yana da hakkin ya yi mana tambaya. Abin da nake ƙi shi ne a bar shi shi kaɗai a kan kujerar alƙali, domin kaka ba ta tambayar wanda ya zo cin ta ko ya riƙe sungumi. Ku dubi kasuwa a watan Oktoba. Hatsi ya faɗi, mai bin bashi ya iso bakin masussuka, ga biki, ga haraji, manomi ya sayar da arha. Wanda ya saya ya kulle a sito, ya jira tsakiyar damina, lokacin da faransanci ke kira «soudure», rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, ya sayar wa mai gonar hatsinsa da tsada. In da girbi kaɗai ake auna mutane, wannan shi ne gwarzon shekara.

Mu malamai wannan magana a kanmu take. Kowace shekara sakamakon BEPC da na bakaloriya yana fitowa, a lissafa kashi nawa cikin ɗari, a yaba wa wannan makaranta a yi wa waccan tsiya. Ba wanda ke tambayar malamar ajin farko na firamare wadda ta zauna da yara fiye da yadda benci zai ɗauka, ta koya musu riƙe alli. Girbinta sai bayan shekara goma, a hannun wani, da sunan wani. Makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, inda yara suka fara karatu da hausa, shuka ce irin wannan, kuma waɗanda suka yi ta da yawansu ba su ga 2025 ba. Mafi muni, ma'aunin kashi cikin ɗari yana koya wa shugaban makaranta dabarar ɗan kasuwar can: ya rage masu rauni kafin jarrabawa, ko ya kau da kai daga satar amsa, lissafi ya yi kyau. Ƙungiyoyinmu da ke ba da kyauta a ƙarshen shekara za su iya ware ɗaya domin ajin da ya fi matsawa daga inda ya faro, ko da bai kai na ɗaya ba.

Akwai kalmomi biyu namu da nake ganin sun fi littafin faransanci fahimtar wannan ƙasa. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa a kan abin da takardun hukuma suka kira «contre-saison», kamar wanda ke yi wa lokaci tawaye. Bahaushe ya ce noman rani kawai. A kwaruruwan da ke tsakanin tuddan yashi na yankin Gure, inda ruwa ke kusa, ga dabino ga kanwa, mutane suna noman rogo da albasa da kayan miya da rani tun kafin takarda ta ba abin suna, kuma yau suna kafa shingayen ƙirare a kan tuddai don kada yashi ya cinye kwarin. Ta biyu ita ce cin rani. Saurayi ya gama ɗaure dami, ya kama hanyar Kano ko Agadas ko Libiya, ya rage wa rumbun gida baki ɗaya, ya yi dako ko ga-ruwa, idonsa yana kan gabas. A ƙauyukan da na sani, wanda ya dawo hannu wofi ana yi masa barka da zuwa, a ba shi fura, ƴan'uwa su yi masa ba'a kwana biyu a wuce wurin. Wanda ake ambata da ɓacin rai a dandali shi ne wanda ya aiko da kuɗi, amma ruwan shuka ya sauka tsohonsa yana gona shi kaɗai.