Amanar Gadin Jirgin Ruwa a Tasha

Jirgin ruwan da aka ɗaure a tasha bai rabu da haɗari ba. A lokacin ne ake lodi da sauke kaya, ake zuba mai, masu walda suke aikinsu, igiyoyin ɗauri kuma suna tamkewa ko su saki gwargwadon cikar teku da janyewarta. Ranar 16 ga Afrilu 1947 wuta ta kama jirgin Grandcamp yana tsaye a tashar Texas City ta Amurka da lodin takin zamani mai fashewa, mutum fiye da 500 suka rasa rayukansu.

Saboda irin wannan ne Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta shimfiɗa ƙa'idoji. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974 ta wajabta wa manyan jirage riƙe takardar da ke nuna mafi ƙarancin ma'aikatan da suke buƙata. Ta STCW ta 1978 ta ɗora wa kyaftin tsara gadi ko da jirgi yana tasha, musamman idan kayan cikinsa masu haɗari ne. Ta kuma tanadi hutun aƙalla awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako.

Tambayar da ke biyo baya ta alhaki ce: idan mai gadi ya gafala aka yi asara, wuyan wa take hawa? Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Kare rayukan mutanen jirgi da na tasha ya yi kama da farillar kifaya, wadda wasu ke ɗauke wa sauran, amma da zarar an ayyana mutum a kanta ta zama tasa shi kaɗai. Don haka mai gadin da ya bar wurinsa ya tafi yawon gari ya ci amana.

Mai barci kuwa hukuncinsa daban ne, domin shari'a ba ta ɗora wa mutum zunubin abin da ya auku yana barci, sai dai a bincika abin da ya jawo barcin. Ranar 6 ga Maris 1987 jirgin fito Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofofin gabansa a buɗe, ruwa ya kwarara ciki, ya kife, mutum 193 suka mutu. Wanda aka ɗora wa rufe ƙofofin yana barci a ɗakinsa. Kwamitin bincike ya ga laifinsa, ya kuma ga na shugabannin kamfanin jirgin, waɗanda kyaftin-kyaftin suka nemi su sa fitilar da za ta nuna ko ƙofa a rufe take, suka yi biris.

Wannan ya nuna amanar hawa-hawa ce. Mai gadi yana da rabonsa, kyaftin da ya tsara aiki yana da nasa, mai jirgin da ya rage ma'aikata don rage kashe kuɗi har gajiya ta kayar da su yana da kaso mafi tsoka, tunda shi ne mai ikon gyarawa. Imani da ƙaddara ba ya sauke wannan nauyi, domin a wurin malamai tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Isassun ma'aikata, hutun da doka ta yanka, da na'urar kashe gobara mai aiki su ne sababin a nan.